Belin Taubashina

Daga Allah muke, kuma kiranshi ba ya jiran ranar da alƙali ya sa. Taubashina, ɗan gwaggona, ya amsa nashi ranar Talata da hantsi, tsakiyar damina, saura kwana goma sha ukku a koma zaman shari'arshi. Ya rasu yana hannun beli, shekara shida cur, kuma ni na tsaya mashi. Wato a dokar gwamnati ni aka ba ajiyarshi, ni kuma za a tambaya ina na kai shi.

Ƙoramar da ta raba garinmu da maƙabarta ta cika ta batse a ranar, ruwa jawur yana tafe da kara da rassan itace. Muka ɗauko makara muka bi ta kan kwalbati, ko idon sawun mutum ɗaya bai jiƙe ba. Sai da muka haye liman ya yi gyaran murya ya ce, "To, jama'a, kun dai gani." Bai ƙara ba, mu ma ba mu nemi ƙari ba.

An zo gaisuwa daga Tafoki, daga Mabai, har daga Damari. Wani tsohon Bamaguje na ƙetaren rafi ya zauna bakin tabarma, bai iya addu'armu ba, ya daɗe yana murza hularshi, can ya ce, "Mutumin nan ya taɓa sake mani ƙotar gatari ban roƙe shi ba. Har fushi na yi." Tsohon sajen da ya kama shi, wanda yanzu ya aje aiki yana noma a Sabuwa, ya zo a kan keke, ya durƙusa gaban ɗan marigayin na fari yana cewa, "Da hannun nan na sa mashi ankwa, ku yafe mani." Da na shiga cikin gida in yi wa Hajiya gaisuwa, wato uwargidanshi, ban same ta tana kuka ba. Babbar rigarshi ta zuwa kotu ce a kan cinyarta tana ninkewa. Ta ce, "Na riga na wanke ta saboda zaman nan mai zuwa."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa, wani sabon suruki ne da ya zo daga nesa. Na ji shi yana raɗa wa na kusa da shi, "Shi ne wanda aka ce ya saci kayan gwamnati?" Na kusa da shi ya ce, "Haka dai aka ce." To in ana haka tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, nan da shekara goma me za a ce? Karatuna aji biyu ne na elementare da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, amma ya isa in faɗi wanda ya yi me.

Ubana da uwarshi ciki ɗaya suka fito. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka bawana ne tun ran da aka haife ni, ko da yake ya girme ni da shekara tara, kuma an ce shi ya riƙa goyona. Duk wanda ya ga rashin kunya a abin da zan rubuta, ya tuna taubashi ba ya yi wa taubashi kuka a bainar jama'a. Tsiya ita ce kukanshi.

Bawan nan nawa yana da ciwo guda wanda ba malami ba boka da ya iya mashi, ciwon gyaran abin da ba nashi ba. Aljihunshi ba ka raba shi da ƙusa, da guntuwar igiya, da wata 'yar guduma da ta ci ƙotoci sun fi biyar. In ya zo gidanka gaisuwa, bakinshi na gaishe ka idonshi na kan ƙyauren da ya karkace. Kafin a kawo mashi ruwa ya tuɓe riga. Ya taɓa tsayar da jakin wani baƙo a hanyar kasuwar Ƙanƙara, ya sauke mashi kaya, ya gyara akumari, ya mayar, mai jaki na tsaye yana salati don ya ɗauka ɗan fashi ne. In ka ce mashi, "Malam, ina ruwanka?" sai ya ce, "Abin da ya lalace a gabanka, kai ya yi wa sallama." Magana ba ta dame shi ba. Goro ɗaya yana kai mashi wuni, magana goma ma haka.

Shekarar da gwaggo ta rasu, uwarshi ke nan, cikin watan marka ne. Aka yi mata wanka aka yi sutura aka sallace ta kafin azahar, muka iso bakin ƙorama muka tarar ba hanya. Mazan da suka fi kowa tsawo suka gwada, ruwa ya kai masu wuya. Muka komo da ita zaure. Ta kwana, ta wuni. Shi kuwa ya kafa kara a bakin ruwa ya zauna yana duban ko zai ja baya, ba ci ba sha. Sai la'asar ta biyu muka samu muka haye, makara bisa kai, ruwa iya ƙirji. Bai taɓa tada zancen ba daga baya sai sau ɗaya, ni kuwa ko sau ɗaya ban tada ba.

Bayan an daina fam da sule, kuɗin mai suka shigo ƙasa, duk wanda ya mallaki takalmi sau-ciki ya zama ɗan kwangila. Wata rana manyan motoci suka zo suka jibge bututun ƙarfe a faƙon bayan gari, manya, babban mutum na iya rarrafawa a ciki. Wani ma'aikaci mai ɗaure da wuya ya tara mu ya ce daga madatsa za a jawo ruwa zuwa manyan garuruwa, ta gefenmu zai bi, mu ma za a kafa mana famfo ɗaya. Muka yi tafi. Ya shiga mota.

Damina ukku bututun nan suna kwance. Awaki suka haihu a ciki, macizai suka yi unguwa. Lokaci lokaci wata mota ta zo da rana tsaka, a nuna takarda mai hatimi, a ɗebi wasu a tafi. Ni ake kira in duba takardar. Nakan ga hatimi ya zauna daram, in gyaɗa kai. Har tulin nan ya koma guda shida.

Bawana ya yi ta kewaya shidan nan kamar kura ta ga akuya a ɗaure. Ya je wurin dagaci, dagaci ya ce shi kunnenshi ya yi nauyi kwanan nan, idonshi ma ba ya gani sosai. Da aka gama girbi, ƙorama ta ƙafe, sai ya aika aka buga ganga ya kira gayya, kamar yadda ake kira in za a nome gonar wanda ya kwanta ciwo. Gari ya fito. Maguzawan ƙetare suka zo da nasu makaɗan. Aka mirgino bututun a kan gumagumai, aka jera su cikin ƙorama, aka yi ta zuba dutse da jar ƙasa ana dabewa. Mata suka dama fura kamar ana biki. Kwana ukku aka gama. Damina ta zo ta wuce, kwalbati ko gezau. A shekarar motar auduga ta shigo har ƙofar masallaci, abin da ba a taɓa gani ba.

Rani na zagayowa sai ga motar 'yan sanda. Ashe ma'aikatar ta tuna tana da bututu. Saje ya sauko, jama'a suka taru.

Ya ce, "Ina kayan gwamnati da aka aje nan?"

Bawana ya ce, "Ranka ya daɗe, ta wace hanya kuka shigo?"

"Ta 'yar gadar can."

"To guda shida na ƙarƙashinta."

"Sauran fa?"

"Masu takarda sun kwashe. Mu ba mu iya karatu ba. Ga malamin karatunmu nan." Ya nuna ni da haɓa, Allah ya yafe mashi.

Saje bai bi ta kaina ba. Ya ce, "Su wa suka yi aikin gadar?"

Ranar na ga dattawa masu furfura suna nazarin yatsun ƙafarsu kamar yau aka ba su su. Sai bawana ya matso ya ce, "Ni na kira gayya. Wanda aka kira gayya ba shi da laifi, fura ya zo sha."

Aka sa shi a mota, suka sake bi ta kan kayan da suka zo nema.

Kwana biyu ya yi a caji ofis kafin a yarda da beli. Aka ce sai mai gona, mai takardar haraji, wanda kuma zai iya sa hannu ba dangwale ba. Duk dangi aka duba, ni kaɗai na cika ukkun. Na sa rawani na je, na tsaya a kanta na ce, "Saje, bawana ne ya ɓata, na ji an tsince shi nan."

Daga bayan ƙarfe ya ce, "Saje, kada ka ba shi ni. Ko akuya aka ba shi kiwo sai ta rame."

Saje ya danne dariya ya karanta mana sharaɗi. Duk ranar zama in kawo shi kotu da kaina. Ba zai fita lardi ba sai da iznin alƙali. In ya gudu, ni za a riƙe. Na sa hannu har da 'yar ƙugiya a ƙarshe don a san ba jahili ba ne. Na ɗauka abin wata biyu ne.

Ga yadda zaman yake, don na haddace shi kamar Fatiha. Mu yi sallar asuba, mu taka zuwa bakin titi, mu hau motar kasuwa daga Faskari, mu isa kotun majistare a Ƙanƙara mu zauna kan benci. A kira shi, ya shiga akwati. Alƙali ya ce ina mai shaida daga ma'aikata. A ce an yi mashi canjin wurin aiki. Wani zaman a ce ya tafi kwas ƙasar waje. Wani zaman a ce motarshi ta lalace, wani zaman a ce wanda ya gaje shi bai ga fayil ba tukuna. A ɗaga. Alƙalai huɗu muka yi. Kowane sabo sai ya tambaya, "Ina kayan shaida?" A ce mashi suna ƙarƙashin hanya. Ya cire tabarau, ya mayar, ya rubuta wani abu, ya ɗaga.

A zama na biyar ko na shida, ƙofar akwatin da ake tsayar da shi ta dame shi, don tana kuka in an buɗe. Ana hutun rabin rana ya fiddo gudumarshi. Masinja ya rugo yana cewa, "Baba, wannan ma kayan gwamnati ne fa." Ya ce, "Na sani, ɗana. Ba ɗauka zan yi ba." Har yau ƙofar nan lafiya lau take buɗewa, ni shaida ne.

Abin dariya ne a baki, amma ba a jiki ba. Ranar zama ba ta san ranar shuka ba. Ruwa ya sauka a daren jiya, kowa na gona da iri a ƙwarya, mu muna kan benci. Ranar awon auduga muna kan benci. Ɗiyarshi na aure a Tsafe, tafiyar da ba ta kai wuni ba, amma wani lardin ne. Ta haihu sau ukku bai je suna ko ɗaya ba. Na ce mashi, "Kai bawa, tafi ka dawo, wa zai sani? Gwamnatin da ta manta da bututunta damina ukku ita za ta ƙirga kwananka?" Ya ce, "Hannunka ke kan takarda." Shi ke nan maganar.

Ana nan, ɗanshi na fari da ke aikin masaƙa a Kaduna ya biya mashi kujerar Makka. Shekarun nan kowa tafiya yake, har waɗanda a da ko Funtuwa ba su sani ba sun dawo da haƙorin zinariya. Ranar da saƙon ya iso na ga abin da ban taɓa gani ba: bawana ya zauna wuni guda bai gyara komi ba. Ya sa liman ya riƙa koya mashi yadda ake ɗaura harami. Tun yana saurayi yake cewa in Allah ya kai shi, ba abin da zai roƙa sai gafarar uwarshi.

Muka nemi izni a zama na gaba. Alƙali ya ce wanda ake tuhuma ba ya barin ƙasa. Da aka tashi, sajen nan, wanda a lokacin shi ke gabatar da ƙara, ya ja mu gindin darbejiya. Mutumin kirki ne, ya gaji da ganinmu.

Ya ce, "Baba, abin nan mai sauƙi ne. Mu koma ciki ka ce ka amsa laifi. Tara ce 'yar kaɗan, don kowa ya san ba sayarwa ka yi ba. A rufe shari'a, kotu ta mayar wa ma'aikata kayanta, kai kuma ka hau jirginka."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Tashi mu je."

Bai tashi ba. Ya ce, "Mayarwa kamar yaya, Saje?"

"A tono su mana. Ai kayansu ne."

"In ba a rufe shari'ar ba fa?"

"Muddin tana gaban alƙali, kayan shaida ne. Ba mai taɓa su, ko gwamna ne."

Bawana ya ɓare goro ya daɗe yana dubanshi bai kai baki ba. Aka koma ciki. Tafinta ya tambaye shi ko ya amsa laifinshi, ya ce, "Ban amsa ba." Alƙali ya ɗaga zuwa bayan Ƙaramar Salla.

A tashar Ƙanƙara muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, muna jiran mota ta cika. Wannan ba wasan taubasai ba ne. Na ce mashi ya zaɓi ƙarfe mai tsatsa ya bar Ɗakin Allah. Na ce shekarunshi sun ja, kujera ba kullum take zuwa ba. Na ce garin da ya tsaya yana kallon yatsun ƙafa ranar da aka kama shi bai cancanci ko ƙusa ɗaya daga aljihunshi ba. Na ce ni ma na gaji, fataucin goron da nake zuwa Kurmi da rani ya mutu saboda zaman benci.

Ya bari na gama. Ya ce, "Kai ka riƙe ƙafar makarar gwaggonka ta hagu. Ka manta abin da hancinmu ya riƙa ji a zauren nan ba mu faɗi ba?"

Na ce, "Zan janye hannuna daga belin."

Ya ce, "Janye. Gidan yari ma cikin lardi yake."

Wata biyu ba mu yi magana ba. Zama ɗaya ya faɗo a ciki, muka je muka dawo a mota ɗaya, shi gaba ni baya, kamar kaya da mai kaya. Ban janye ba, amma kada a ba ni lada, kunyar dangi ce ta hana ni. Wata safiya na fito na tarar da mutum a kan rumbuna yana sake jinka. Na tsaya ina kallonshi. Bai dube ni ba ya ce, "Miƙo mani igiyar can. Gidan ubangida ya zama kango, bawa ake zagi." Na miƙa mashi. Sulhun ke nan.

Kujerar kuwa uwargidanshi ya ba. Ta ƙi, ya ce umarni ne, kuma tun da ya aure ta wannan ne umarni na farko da na san ya ba ta. Ƙanenta ya yi mata muharrami. Muka raka ta bakin titi, ya ɗora mata akwati a mota, ya gyara igiyar da direba ya ɗaure kaya da ita, ya ja baya. Mota ta tashi. Ya tsaya har ƙurarta ta kwanta, sannan ya ce mani, "Mu je, dawa na jira."

Tun daga nan na sa mashi suna mijin Hajiya, kuma ya amsa. Abin da ban yi mashi tsiya a kai ba guda ɗaya ne. Bayan ta dawo, in an yi la'asar yakan sa ta zauna ta ba shi labari, kuma ba labarin tsaraba ba. Daga Safa zuwa Marwa taku nawa ne? Ƙasan wurin da sanyi ko da zafi? In mutum ya tsaya a Arfa, ta ina rana ke faɗuwa? Ta faɗa mashi jiya, yau ya sake tambaya. Wata rana na shigo na ji tana cewa, "Malam, ai na gaya maka." Ya ce, "Sake dai." Na juya na koma ban yi sallama ba.

Kada a ɗauka waliyyi nake zanawa. Mutum ne mai taurin kai kamar jakin da ya ga gada, in ya ƙi abu ko hakimi ya zo sai ya koma. Yana da rowar yabo: shekara sittin ban taɓa jin ya ce abu ya yi kyau ba, iyakarshi "ba laifi". Kuma akwai ranakun da abin ke cinshi. Shekarar da maƙwabcinshi, wanda ya fi kowa sunkuyar da kai ranar kamu, ya dawo daga hajji karo na biyu, bawana bai je barka ba sai da aka kwana bakwai. Na tambaye shi, ya ce yana jiran zuciyarshi ta wanku ne kada ya kai wa mutum barka da datti.

Bara ƙafafunshi suka fara kumbura. Duk da haka ba zaman da ya tsallake. Na ƙarshen da ya je, sai da muka ɗora shi a mota mu biyu, alƙali ya ce a ba shi kujera a cikin akwatin. Mai shaida daga ma'aikata bai zo ba, an ce ana bikin ƙanwarshi.

Ranar Litinin, jajiberin rasuwarshi, na je duba shi da azahar. Ya rame har ban so kallonshi ba, don haka na ce, "Tashi, malalacin bawa, ciyawa ta cinye gonarka." Ya yi murmushi ya ce, "Ubangida, zaman nan kai kaɗai za ka je. Ka sa riga mai kyau, kada ka ba ni kunya." Rana ɗaya ke nan da ya kayar da ni a baki.

Na sa riga mai kyau. Ɗanshi na fari ya raka ni, da takardar dagaci mai tabbatar da rasuwa. Aka kira sunanshi sau ukku kamar yadda aka saba. Na miƙe na ce ni ne mai beli, na miƙa takarda. Alƙali ya karanta, ya yi mana ta'aziyya da bakinshi ba ta tafinta ba, ya ce shari'a ta faɗi tunda wanda ake tuhuma ya rasu, mai beli kuma an sallame shi. Na ji wani abu ya sauka daga kafaɗata wanda na manta ina ɗauke da shi. Har na fara lissafin ranar da zan kama hanyar Kurmi.

Sai sabon mai gabatar da ƙara ya miƙe, wani matashi mai guga a wando. Ya ce tunda an rufe, yana roƙon kotu ta ba da umarni a mayar wa ma'aikata kayan shaida, bututu shida. Alƙali ya jawo takarda ya ɗauki alƙalami.

Ban san lokacin da na sake miƙewa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai saura."

Ya ce, "Saura me, Baba?"

Na ce, "Marigayi ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Da ni aka yi."

Gaskiyar Allah, kwana ukkun gayyar nan ko tsakuwa ban ɗaga ba. Ina gindin kanya ina nuna wa mutane inda za su sa abin da sun riga sun sa. Amma ina wurin, kuma na sha furar, ƙwarya biyu ma.

Alƙali ya aje alƙalami. Ya ce, "Baba, ka san abin da kake faɗi? Yanzun nan na sallame ka."

Na ce, "Na sani."

"To ka amsa laifi ke nan?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Na ce da ni aka yi. Ban ce laifi ba ne."

Ya dube ni, ya dubi matashin nan, ya daɗe yana shafa haɓa. Ya ce wa mai gabatar da ƙara ya je ya shirya sabuwar takardar tuhuma, kayan shaida kuma su zauna inda suke har a gama. Masinja ya buɗe mani ƙofar akwati. Aka tambaya wa zai tsaya mani. Ɗan marigayin ya matso, yana da gonar gado yanzu, yana da takardar haraji, ya kuma fi ni iya sa hannu. Yana rubutawa hawaye na ɗiga a kan takardar, ya ce, "Baba, Kurmi fa?" Na ce, "Goro ya yi tsada, ɗana, ba riba." Aka ɗaga zuwa bayan girbi, in mai shaida ya samu zuwa.

Allah ya jiƙan bawana, ya gafarta wa uwar da ta haife shi, ya ba shi a can abin da ya bari a nan. An raba gonakinshi da awakinshi da 'yar gudumarshi, kowa ya ɗauki rabonshi lafiya. Ni nawa gadon, har yau ba magajin da ya zo neman kaso a ciki.